Ɗalibar da Ba Ta Taɓa Fashi Ba

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe, malamar tana tsakiyar bayanin yadda ruwa ke rage ƙarfi idan ya yi doguwar tafiya a bututu, sai cokalin Kaka ya fara dukan kofi. Da haka tsohuwar take kira tun da ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi mata nauyi. Injiniya ta ɗage biro daga kan takarda, ta kasa kunne ko wani zai amsa. Gidan cike yake. Umma tana kicin, Baba yana falo da rediyonsa, Yaya yana ɗakinsa. Amma babu wanda ya motsa, kowa ya san wa ake kira.

"Injiniya! Kunnen naki ya toshe ne?" Umma ta ƙwala daga kicin.

"Ina aji, Umma."

"Ajin da ke cikin waya? Ɗauko shi ki tafi da shi mana, ai ba nauyi gare shi ba."

Ta zare iyafis ɗaya daga kunne ta bar ɗaya, ta jefa wayar a aljihun riga, ta nufi ɗakin Kaka da muryar malama a kunnen hagu.

Baba ne ya raɗa mata sunan Injiniya, tun ranar da ta hau tankin gidan ta gano abin da ya hana ruwa isa banɗakin baya, bayan ya gagari masu gyara biyu. Har yau da sunan yake tinƙaho a gaban baƙi. Tana shekara ta huɗu a karatun injiniyan ruwa jami'a ta rufe ɗakunan kwana da na lakca don gyaran gini, ta kora kowa gida, ta ce a ci gaba ta intanet. An ce zango ɗaya ne, ga shi an shiga na biyu. A na farkon ta faɗi darasin lissafin ruwa, ita da ba ta taɓa maimaita ko gwaji ba. Dokar sashensu kuwa ba ta da kwana-kwana: wanda ya faɗi wannan darasin sau biyu, sallama ce.

Ta tarar Kaka ta jiƙa shimfiɗa.

"Kai, tsohuwa, yau ma ambaliya kika yi mini?" ta ce, tana naɗe hannun riga.

Kaka ta yi dariyarta ta rabin baki, ta ɗaga hannun mai lafiya kamar za ta kai mata duka. Injiniya tana son tsohuwar nan har cikin ranta, kuma wannan son shi ne igiyar da aka ɗaure ta da ita. Ta mirgina ta, ta zare zanin gado, ta kawo ruwan ɗumi da sabulu. Hannayenta biyu suna cikin kumfa ta ji malamar ta kira sunanta na takarda, ta jefo mata tambaya. Ta kira sau ɗaya, ta kira sau biyu. Kafin ta goge hannu ta laluɓo wayar, an yi na uku.

"Ga wata kuma ta ajiye mana waya ta tafi yawonta," malamar ta ce, ɗalibai sama da ɗari suna ji. "Yau na ɗaga ƙafa. Daga gobe duk wanda na kira bai amsa ba, fashi ne. Fashi shida, babu jarrabawa."

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙofar Yaya. Shi ma daga gida yake yi wa kamfaninsu aiki. Ya manna takarda a ƙofarsa, ya rubuta ANA TARO da manyan baƙaƙe, kuma takardar nan ta fi ɗan sanda kwarjini. Idan Umma za ta gifta sai ta cire takalmi. Baba da kansa yake rage rediyo. Ita kuwa ajinta ƙarshen teburin cin abinci ne, kusa da firji, inda duk mai shiga da mai fita sai ya goge ta. Su biyun allo suke kallo daga safe zuwa yamma, amma nasa aiki ne, nata danne-danne. Matar Yaya, wadda suke kira Anti, ma'aikaciyar asibiti ce. Ƙarfe bakwai take fita, ta dire mata jaririyarta a cinya da jakar kayanta, ta ce, "Tunda kina gida, ƙanwata. Allah ya bar zumunci."

Ranar da yamma, ana cin abinci, ta yi ta maza ta kai ƙara.

"Baba, malamarmu ta ce daga gobe wanda aka kira bai amsa ba, fashi ne."

"To ki riƙa amsawa mana."

"Lokacin ne Kaka take…"

Baba ya ajiye cokali. "Kaka take me? Uwar tawa ce ta hana ki karatu?"

"Ba haka nake nufi ba."

Yaya ya fashe da dariya, baki cike da shinkafa. "Ke dai har yanzu ba ki waye ba. A kan wannan kike ɓata rai? Ba ni kalmar sirrinki. In buɗe ajin naku a gefen kwamfutata, kyamara a rufe, makirufo a rufe. In an ce a rubuta suna, in rubuta miki 'ina nan'. In ta jefo tambaya, in rubuta 'sabis ba kyau, Dakta'. Mu a ofis rabin tarurrukanmu haka muke cin su. Ai ana naɗar lakcar, ko? In kin samu sarari sai ki kalla abinki."

"Ka ji mai kai," Umma ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Ke kuma sai ki gode wa yayanki."

Ta san ba daidai ba ne. Ta kuma san ta gaji. Ta ce wa ranta ranakun da ya zama dole kawai za a yi haka, ta karanto masa kalmar sirrin, ya rubuta a bayan hannunsa.

Daga ranar gidan ya samu sauƙi, ita ta rasa aji. Da ma ana neman mai kai Kaka gashin ƙashi a asibiti, Talata da Alhamis da safe, kuma Talata da Alhamis da safe su ne ranakun lissafin ruwa. Da can Umma takan ɗan ji nauyin aikenta a lokacin. Yanzu nauyin ya faɗi. "Ai yayanki yana riƙe miki." Ita ce mai naɗe keken guragu ta cusa a bayan tasi, ita ce mai bin layin kati, jaririya a goye, jakar magani a kafaɗa. A can gida kuwa sunanta yana zaune daram a jerin masu halarta, ya fi kowa natsuwa a ajin.

Lakcocin da aka naɗa suka fara taruwa. Biyu suka zama biyar, biyar suka zama tara, kowace awa biyu. Takan zauna bayan an kwashe kwanukan rana ta buɗe ɗaya. Minti shida, jaririya ta farka. Ta mayar da ita barci, ta dawo baya ta sake farawa. Minti huɗu, Baba yana neman tabaransa. Minti goma, mai gyaran fanka ya zo, a nuna masa ɗakin. Ko ranar da babu wanda ya kira ta, kunnenta ba ya yarda ya zauna a kan lakcar, yana can yana jiran cokali ya daki kofi. Sai ta kai ƙarshen bayani ta tarar ba ta riƙe ko kalma ɗaya ba.

Ba wai kanta ya daina aiki ba ne. Aiki yake yi har ya yi zafi. Ita ta san farar ƙwayar Kaka kafin abinci ce, ja bayan abinci, rabin shuɗiya in hawan jini ya wuce yadda likita ya rubuta. Ita ta san ranar rigakafin jaririya, da madarar da ke ɓata mata ciki, da ranar da iskar gas za ta ƙare, da inda Baba ya ajiye katin asibitinsa. Kowa a gidan ya sauke abin da ke kansa ya ɗora a nata, don an ce ita ce mai ƙwaƙwalwa. Wata rana ta buɗe littafinta na lissafi ta ga a tsakiyar wani aiki da ta fara ta rubuta "ja, ƙarfe biyu", kuma ba ta tuna lokacin da ta rubuta ba.

Sannu a hankali sha'awar ma ta mutu, kuma wannan ya fi komai ba ta tsoro. Ita da take bin bututun unguwa da ido tana lissafa faɗinsa don nishaɗi, yanzu ƙarar shigowar saƙo daga zauren ajinsu faɗuwar gaba take sa ta. Saƙo ɗari uku ba ta buɗe ba. Ta kashe ƙarar. Ta daina duba yawan lakcocin da ke jiranta, kamar mai ciwon haƙorin da ya daina taɓa wurin da harshe. Idan ta buɗe kwamfuta sai barci ya rufe ta, barcin da ba na hutu ba. Ta fara zargin kanta. Wataƙila da ma can ba ta da kan, sa'a ce ta kawo ta shekara ta huɗu.

A mako na goma sashensu ya fitar da sunayen ɗalibai bakwai da ba su taɓa fashi ba, da 'yar takardar yabo. Nata ne na uku. Yaya ne ya fara gani, tunda shi ne a ajin. Ya fito yana ɗaga kwamfuta sama.

"Ku zo ku ga aikina! Wallahi ni ya kamata a ba digirin nan."

Baba ya sa aka buga masa takardar, ya tura hotonta ga duk dangi. Har yamma ana kira ana sa albarka. Injiniya ta amsa "amin" sau ashirin, sannan ta shiga banɗakin baya ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Da aka sa ranar jarrabawa, aka ce ta baki za a yi, saboda satar amsa ta yi yawa a ta rubutu. Kowane ɗalibi minti ashirin, shi da malama, kyamara a buɗe. Saura kwana tara. Ta sami Umma tana yankan albasa, ta durƙusa a gefenta.

"Umma, mako ɗaya nake roƙo. Mako ɗaya kacal a bar ni in rufe ƙofa."

"Wace ƙofar? Wa ya hana ki karatu a gidan nan?"

"Lakca goma sha tara ban kalla ba."

"To laifin wa? Ba kullum wayar tana hannunki ba?" Umma ta share ido da bayan hannu. "Ni da ciwon bayan nan kike so in ɗaga tsohuwa? Ko babanki kike so ya yi wa mahaifiyarsa wanka? Mu da muka yi karatu da tulu a ka ma ba mu mutu ba. Ke an kawo miki makarantar har kan tebur, ga fanka, ga firji, kina ƙorafi."

Ta je wurin Anti. Anti ta riƙe mata hannu da tausayi na gaske, ta ce wallahi da za ta iya da ta ɗauki hutu, amma an rage musu ma'aikata, ta dai yi haƙuri, Allah yana tare da mai haƙuri. Ta ƙwanƙwasa wa Yaya, ya leƙo da iyafis a kunne ya nuna mata takardar ƙofa. Da ya fito ya ce, "Ki kalle su da saurin ninki biyu mana. Dabara ake yi wa boko." Baba ya ce kada ta damu, ranar jarrabawar shi da kansa zai tsaya, ko ƙuda ba zai yi ƙara ba.

A kwana taran nan ta kalli lakca huɗu da rabi, da saurin ninki biyu, muryar malama tana tsuwa kamar ta ɗan tsako.

Baba ya cika alkawari, a nan babu mai ce masa komai. Ranar jarrabawa aka kai jaririya maƙwabta. Aka karɓe cokalin Kaka, Umma ta zauna a gefenta. Yaya ya ba da aron ɗakinsa da kujerarsa mai juyawa, har ya goge mata kyamara da gefen rigarsa. Baba ya kashe rediyo ya ja kujera bakin ƙofar gida, yana korar masu talla da hannu. Wata bakwai tana neman shirun nan, sai yau aka ba ta shi, na minti ashirin.

Fuskar malamar ta bayyana. Mace ce mai furfura a goshi, da tabarau a kan hanci.

"To, yau dai na ga fuskar mai sabis mara kyau," ta ce. "Bari mu fara da mai sauƙi. Ruwa yana tafiya a bututu, sai bututun ya tsuke. Me zai faru?"

"Gudunsa zai ƙaru, Dakta."

"Wannan ko mai ba fulawa ruwa ya sani. Matsin fa? Rubuta mini lissafin, ki nuna wa kyamara."

Ta ɗauki biro. Ta san ta taɓa sanin abin nan. Tana iya ganin shafin da yake, gefen dama, ƙasa, har da inda ta ja masa layi da jan biro a shekara ta biyu. Ta rubuta harafin farko ta tsaya. Shirun gidan ya cika mata kunne, kuma a cikin shirun abin da ya taso mata shi ne ƙarfe goma ta wuce, ko Umma ta tuna rabin shuɗiyar? Ta kori tunanin, ya dawo. Biron ya jiƙe da gumi.

Malamar ta sauya tambaya. Ta sake sauyawa, ta kawo wadda ta fi sauƙi. A ta huɗu Injiniya ta buɗe baki, babu abin da ya fito sai "Dakta, ki yi haƙuri."

Malamar ta cire tabarau, ta danna wani abu. "Na tsayar da naɗi. Yanzu ni da ke ne. Takardata ta nuna lakca ashirin da huɗu, kin halarci ashirin da huɗu. Wannan tambayar sau uku na warware ta a aji. Na duba sakamakonki na shekarun baya, ba na daƙiƙiya ba ne. Yarinya, wa yake zama mini a aji?"

Ta faɗa mata. Ba ta tsara ba, haka ya zubo, da Kaka da gashi da jaririya da kalmar sirri. 

"Kin san abin da aka yi miki?" malamar ta ce. "Akwai ɗalibai goma sha ɗaya da fashinsu ya wuce shida, suka kawo dalili. Wata jinya take, wani garinsu babu wuta. Duk an ɗage musu darasin zuwa baɗi, ba a rubuta musu faɗuwa ba. Da an bar ki kin yi fashinki na gaskiya, da kina cikinsu. Amma ke a takarda an koyar da ke komai, kin zauna jarrabawa, kin faɗi. Ba ni da ikon ba ki makin da ba ki ci ba."

"To shi ke nan, Dakta?"

"Saura ƙofa ɗaya, ita ma ƙarama. Zan turo miki fom na ɗaukaka ƙara. Ki rubuta gaskiya duka, har da wanda ya riƙa shiga da sunanki. Za a ba ki gargaɗi mai tsanani a kan wannan, amma kwamiti yana iya barinki ki maimaita. Sai dai akwai gurbin waliyyi a ƙasa. Dole wanda kike hannunsa ya tabbatar da abin da kika faɗa, ya sa hannu. Kwana uku gare ki."

Da ta buɗe ƙofa ta tarar da su a tsaye, fuska a washe.

"Yaya dai? An ragargaje su?" Baba ya tambaya.

Ta ce a zauna, akwai magana.

A ranar ta cika nata gurbin. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ƙara gishiri ba. Ta jera ranakun gashi, da awannin reno, ta rubuta cewa wani ɗan gida ne yake shiga aji a madadinta, da saninta. Yaya ya karanta a tsaye, fuskarsa ta sauya.

"Wani ɗan gida? Mu nawa ne a gidan? Ke kin san da kwamfutar ofis na riƙa shiga? In suka bincika suka rubuto wa kamfani fa? Daga taimako sai ki ɗaure ni? Ni na ce kada ki kalli lakcocin?"

"Ban sa sunanka ba, Yaya."

"Ki cire layin gaba ɗaya."

"In na cire, babu abin da ya rage a takardar."

Baba ya miƙa hannu aka ba shi. Tsohon magatakardar kotu ne, shekara talatin yana rubuta maganar mutane, ya san nauyin sa hannu. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake.

"Wato in sa hannu cewa gidana ne ya kayar da ke."

"Baba, cewa za ka yi abin da na rubuta haka ya faru."

"A ajiye a fayil, baƙi su karanta, cewa ni na kasa kula da uwata sai da na cire 'yata daga aji? Cewa ɗana ɗan damfara ne?" Ya cire tabarau ya dube ta. "Me muka rage ki da shi? Data ta taɓa yanke miki? Wa ya saya miki kwamfutar? Yau wa ya zauna a rana yana korar mutane saboda ke?"

"Kai ne, Baba."

"To."

"Baba, in ba ka tabbatar ba, korata za a yi. Shekara huɗu."

Umma ta sa baki daga bakin ƙofa. "Ki daina yi wa mahaifinki magana kamar kina gaban alƙali. Kowace 'ya tana yi wa gidansu aiki, ba a kanki aka fara ba."

Kwana biyu fom ɗin yana kan rediyon Baba. A na uku da hantsi ya kira ta, ya ce ba zai bari a ce ya ƙi sa wa 'yarsa hannu ba. Ya zauna a teburin, a daidai inda take zama, ya cika gurbin waliyyi da kyakkyawan rubutunsa mai kwanciya. Ya rubuta cewa shi mahaifinta ne, yana roƙon kwamiti ya dubi 'yarsa da idon rahama. Ya rubuta cewa gida ya tanadar mata duk abin da ɗalibi ke buƙata, na'ura da data da wurin zama da kwanciyar hankali, kuma 'yan aikace-aikacen da take taimakawa da su ba su wuce na kowace yarinya ba. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya hura tawadar.

"Ga shi. Ban yi ƙarya ba, ban kuma tona wa kowa asiri ba."

Ta karanta a tsaye. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ta ga ya yarda da kowace kalma da ya rubuta. Babu sauran lokaci, babu wani waliyyin. Ta ɗauki hoton takardar, nata bayanin a sama, nasa a ƙasa yana ƙaryata shi, ta tura.

Amsa ta zo bayan mako biyu, ranar Alhamis, suna layin gashi. Layi huɗu ce. Kwamiti ya duba, bayanin ɗaliba bai samu tabbaci daga waliyyinta ba, hukuncin sallama yana nan. Ta karanta, ta mayar da wayar aljihu, domin an kira lambar Kaka.

A gida kowa ya yi jimami, kuma kowa ya samo inda laifin yake. Umma ta ce wayar nan ce, tun farko ba ta yarda da karatun da ake yi a kwance ba. Anti ta ce baki ne, tun da aka yaɗa takardar yabon nan ta san za a rina. Yaya ya ce malamar ce muguwa, irin matan nan da ba sa son ganin yarinya ta taso. Baba ya ce Allah bai nufa ba, ya kuma ce a bar maganar haka, kada dangi su ji. Babu wanda ya ɗaga mata murya, babu wanda ya taɓa ta da ko tsinke. Mutane ne masu sonta, da za a ce ta kwanta ciwo da sun sayar da abin da suka mallaka. Awa ɗaya-ɗaya suka riƙa ɗiba, kowa yana ganin tasa ba ta kai a yi magana ba, har shekara huɗu ta ƙare a hannunsu, kuma da za ka rantsar da su za su rantse ba su ɗauki komai ba.

Da la'asar tana ɗakin Kaka tana shafa mata mai a ƙafar da ta shanye, ta ji wayar Baba ta yi ƙara a falo. Wata mata ce da abokin aikin Yaya ya yi wa magana tun watannin baya, mai aikin kula da tsofaffi. Sai yanzu ta gama da gidan da take, ta kira ta ce za ta iya farawa ranar Litinin.

"Allah sarki, mun gode, mun gode ƙwarai," Baba ya ce da muryarsa ta mutunci. "Amma ba sai kin zo ba, Hajiya. An samu sauƙin abin. Yarinyar wajena ta kammala da makaranta, yanzu tana gida gaba ɗaya."

Hannun Injiniya ya tsaya a kan ƙafar. Kaka ma ta ji. Tsohuwar ta juyo da kai da ƙyar, ta dube ta, bakinta yana motsi yana neman kalmar da ta ƙi fitowa, hawaye yana gangarowa ta idon ɓarin mai lafiya. Injiniya ta goge mata da gefen mayafi, ta ƙaro mai a tafin hannu, ta kama ɗaya ƙafar.